Chindo Direba da Ɗinkin Hula

A Tajaye aka haifi Chindo Hamani, shekara biyar bayan ƙasa ta sami mulkin kai. Sunansa na yanka Sulaimanu, amma ko shi kansa sai ya ga takardar buro, wato ta ofishin gwamnati, yake tunawa. Da yatsa shida ya zo duniya a hannun hagu. Ungozoma ta ɗaure ƙarin yatsan da zare, cikin mako guda ya faɗi, sunan kuwa ya zauna daram.

Mahaifinsa ɗan ci-rani ne. Da an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, sai ya rataya jaka ya nufi kurmi, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Saboda haka rabin kowace shekara Chindo a hannun ƙanen mahaifiyarsa yake, wani dogon mutum marar yawan magana da ake kira Muttaƙa.

A wancan zamani, mazan da ba su tafi ci-rani ba suna da wurin zama guda: gindin wani babban gawo da ke yamma da masallaci. Gawo dai da rani yake ganye, kamar don su aka yi shi. Tun hantsi ake shimfiɗa tabarmi. Abin da Chindo bai taɓa mantawa ba shi ne, ba wanda yake zuwa wurin hannu sake. Wannan ya maƙale kaba da babban yatsan ƙafa yana tufka igiya. Wancan yana saƙa malfa. Wani yana feƙe ƙotar hauya da 'yar wuƙa, yana ɗagawa yana kanne ido ɗaya ya ga ko ta miƙe. Ba sana'ar kowa ba ce a cikinsu, duk manoma ne. Hira kuma a hankali take tafiya. Wani ya jefa magana, sai a yi shiru ana aiki, can wani ya amsa, har an kusa manta abin da aka tambaya.

Kawu Muttaƙa shi hula yake ɗinkawa. Yana da wani tsohon gwangwanin sukari da yake ajiye allurai da zare kala-kala, waɗanda yake sayowa a kasuwar Badaguishiri in ya kai wake. Da alƙalamin kara da tawada yake zana farin ƙyalle, sannan ya bi zanen da allura. Ba ya kwaikwayon hular kowa. Abin da ido ya gani a gona shi yake sawa: sawun zabo, ganyen wake, ƙahon rago. Hula ɗaya takan cinye masa rani guda. In ya gama sai ya wanke, ya kifa ta a kan tulu ta bushe, ya ba wanda ransa ya so. Bai taɓa kai hula kasuwa ba.

Chindo yana da shekara goma sha ɗaya kawun ya fara ba shi tsumma ya gwada. Ranar farko ya soke yatsa har sau uku, jini ya ɓata ƙyallen, ya jefar ya ce shi ba zai iya ba.

"Wa ka koro ka?" in ji Kawu Muttaƙa, bai ko ɗago kai ba. "Akwai wanda ya ce gobe shika son ta?"

"Babu."

"To zamna. Allura ba ta son mai sauri."

Ya zauna. Kafin ya kai shekara goma sha biyar ya ɗinka hula biyu da suka shiga masallacin Juma'a a kan manya, ba wanda ya yi dariya.

Sai shekarar fari ta zo, ta tamanin da huɗu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Chindo, yana ɗan shekara goma sha tara, ya bi ayarin samari zuwa Malbaza, ya shiga dakon siminti. Buhu ya ci masa fatar wuya wata takwas kafin wani direba ya lura da natsuwarsa ya ɗauke shi yaron mota. Bayan shekara huɗu ya sami parmi, wato lasisin tuƙi, aka damƙa masa kamyo, babbar motar kaya. Daga nan hanya ta zama gidansa: siminti zuwa Yamai da Maraɗi da Agadas, albasar Galmi zuwa bakin teku. Ya auri Ikilima, 'yar wani mai lambu a Badaguishiri, suka zauna a Ƙonni saboda nan hanyoyi suka haɗu. Allah ya ba su 'ya'ya biyar.

Shekarun farko, yana da nasa gwangwanin a ƙarƙashin kujerar mota. Aikin direba rabinsa jira ne: jiran lodi, jiran takardun duwan, wato kwastan, jiran a gyara gada. In jira ya yi tsawo sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar kamyo ya ɗauko allura. Amma a hankali abin ya riƙa ja da baya. Kaset ya zo, karta ta zo, gajiya ta ƙaru, yara suka yi yawa. Bai san ranar da ya daina ba. Wata shekara da aka canza masa mota, gwangwanin ya tafi da tsohuwar, bai ma bi sawu ba.

Wasila, 'yarsa ta uku, wadda take aikin jinya a wani ɗan asibiti a Illela ta wajen Tajaye, ita ta sayo masa babbar waya mai shafe-shafe. Da farko ya ce shi mai maɓalli ta ishe shi. Ba a yi wata biyu ba wayar ta zama kamar wata gaɓa a jikinsa. Aka sa shi a gurup ɗin direbobi, inda saƙon murya ke zuba kamar ruwan Agusta. Ga bidiyon kokowa, ga wa'azi, ga hatsarin mota a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Da ya dawo daga tafiya, maimakon ya zauna a tsakar gida ya ba Ikilima labarin hanya kamar yadda ya saba, sai ya jingina da bango ya sunkuyar da kai.

"Maigida, tuwo ya huce."

"Ina zuwa."

Sai ta rufe da faifai ta koma ɗaki. Ba mace ce mai mita ba.

Da daminar dubu biyu da ashirin da uku aka rufe iyaka. Garin Ƙonni, wanda ba ya rabuwa da ƙarar manyan motoci, ya yi tsit. Mai motar da Chindo ke tuƙawa ya ce a ajiye ta sai yadda hali ya yi. Kamyoyi suka jeru a wani fili bayan tasha, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, awaki suka mai da inuwarsu wurin kwana. Kuran ma, wato wutar lantarki, da yake daga tsallaken iyaka yake zuwa, ya zama sai an yi sa'a.

Direbobi suka kafa fada, wato majalisar hira, a gindin wani dogon yaro kusa da motocinsu. Kullum da safe sai a hura gawayi a ɗora butar shayi, mutum goma sha wani abu su zauna, kowa da waya a hannu. Wani ya ce, "Ga shi nan, an ce jibi za a buɗe." Wani ya ce, "Ƙarya ne, saurari wanga." A kunna murya, wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa yaƙi ya taso. Kafin a gama ji wata ta shigo tana ƙaryata ta. Chindo yakan koma gida kansa na sarawa, wuyansa a sanƙare, kamar ya yi tuƙin kwana biyu, alhali ko taku ɗari bai yi ba.

Wata ranar Talata da hantsi, ya jona wayarsa a ɗan farantin hasken rana da ke kan rufin kicin, ya shiga wanka. Ikilima ta zo ta cire ta jona fitilarta, don ta ga wayar ta kusa cika. Da ya fito ya gani, sai ya daka mata tsawa. Maƙwabciyarsu tana tsakar gidan, ta zo aron turmi. Maganganun da ya faɗa ba zagi ba ne, amma a shekara talatin da biyar na aurensu Ikilima ba ta taɓa jin muryarsa ta kai nan ba. Ta cire fitilar, ta mayar da wayar inda take, ta ɗauki turmi ta miƙa wa maƙwabciya, ta raka ta har ƙofa. Ta koma kicin ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa ko taɓa abincin rana bai yi ba.

Ran Asabar Wasila ta zo daga Illela. Ko uwarta ce ta kira ta, ko zuwan kanta ne, Chindo bai tambaya ba. Bayan sun gaisa ta ciro abin awon hawan jini daga jaka ta naɗa masa a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

"Sha takwas, Baba."

"Shina da yawa?"

"Shina da yawa ƙwarai. Zan ba ka magani, amma magani kaɗai ba ya yi." Ta dubi wayar da ke kan tabarma. "Da na san haka za ta yi da kai, da atamfa na sayo wa Inna da kuɗin."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Na biya Tajaye wancan mako," in ji ta. "Na ga Kaka Muttaƙa. Ana kunna mishi gaisuwarka a wayar maƙwabta. Ya ce in tambaye ka, wai muryar ce kawai ta rage, ko akwai sauran mutumin?"

Chindo ya yi lissafi a zuci. Shekara huɗu rabonsa da Tajaye. Shi da ya san kowane rami a hanyar Agadas, garin da bai fi tafiyar awa biyu ba ya gagare shi.

Washegari ya hau motar Tawa, ya sauka a mararraba, kabu-kabu ya ƙarasa da shi. Kaka ce, gonaki duk an karya gero, amalanke na ta jigilar dammai. Garin ya ƙaru, an yi gidajen bulo da kuɗin 'yan ci-rani. Gawon yana nan, ya fara fitar da sabon ganye. Amma tabarma ɗaya ce tak a gindinsa, ta Kawu Muttaƙa. Samarin da ya wuce a hanya suna can a rumfar mai cajin waya, sun haɗa kai.

Kawu Muttaƙa ya haura tamanin da biyar. Ciwon yanar ido ya rufe masa idanu, sai dai ya ga haske da duhu. Ƙwarya ce a gabansa, yana ɓarar wake. Chindo ya cire takalmi ya durƙusa ya yi sallama.

Tsohon ya tsaya da ɓara. "Wagga murya na san ta. Amma yau ba ta hito daga cikin ƙarhe ba. Matso in ji."

Ya kama hannunsa na dama, ya shafa tafin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan manuni yana murzawa.

"Tahin hannu ya yi kanta, wanga na sitiyari ne. Kan yatsa kuwa sumul kamar na amarya. Yaushe rabonka da allura?"

"An daɗe, Kawu."

"Na ji."

Ya saki hannun. Ya tambayi Ikilima da yara, ya tambayi hanya. Chindo ya tambayi mutanen gindin gawo, tsohon ya riƙa lissafa su: mai malfa ya rasu shekarar ambaliya, mai tufka ya bi ɗansa Yamai ya rasu can, mai feƙe ƙota bara waccan. Ya faɗe su ba tare da muryarsa ta canza ba, hannunsa na ci gaba da ɓarar wake.

Kwana biyu Chindo ya yi niyya. Da safe ya riƙa yawo a gari yana ɗaga waya sama yana neman rezo, wato sabis. A rana ta biyu bayan azahar, kawun ya aika aka ɗauko masa wani ƙunshi daga ɗaki. Farin ƙyalle ne sabo, an yanka shi daidai hula, da zare shuɗi da ruwan ƙasa da baƙi.

"Na saye shi shekarar da ido ya fara yi mini gardama. Na ce in na warke in yi wa kaina, don duk hulunan da na yi babu wadda ta zamna a kaina. To ga shi ban warke ba. Sa mini zare a allura in ji ko hannunka na rawa."

Sai da Chindo ya sa tabarau, ya lashi bakin zaren sau huɗu, sannan ya shiga.

"To zana."

"Mi zan zana, Kawu? Na manta yadda kake sawun zabo."

"Wa ya ce ka yi nawa? Ni zabo na gani. Kai shekara nawa kana yawon duniya, ba ka ga komi ba?"

Chindo ya riƙe biro ya daɗe yana kallon ƙyallen. Abin da ya fi gani a rayuwarsa, in gaskiya za a faɗa, shi ne sawun tayar kamyo a kan yashi, da safe in ya zagaya mota yana duba ta. Ya zana shi, layi biyu masu haƙora suna zagaye gindin hular. A sama ya sa kwanar hanya tana hawa tana sauka kamar ta tsaunukan Adar. Da ya gaya wa tsohon abin da ya zana, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe da taya zan shiga masallaci. To, Bismilla."

Ɗinkin farko bai yi kyau ba. Yana jan zare da ƙarfi, ƙyallen na tattarewa. Ya warware ya sake. Kafaɗarsa ta yi tsami, allura ta sha jininsa. Tsohon yana gefe da wakensa, jifa-jifa ya miƙo hannu ya shafa ya ce, "Sassauta." Suka shiga hira irin ta da, wadda ba a gaggawar amsa. Kawu ya ba shi labarin mahaifiyar Chindo tana yarinya, yadda ta taɓa faɗawa rijiyar lambu ta fito tana neman takalminta. Chindo bai taɓa jin labarin ba. Sai kiran la'asar ya ji. Ya shafa aljihu, ya tuna wayar tana ɗaki tun azahar. Ya lura kuma kansa ba ya sarawa.

Kwana tara ya yi.

Da ya dawo Ƙonni, kafin ya ajiye jaka ya tsaya a ƙofar kicin. Ikilima tana tankaɗe.

"Abin da na yi ranar nan, gaban baƙuwa, ban kyauta ba. Ki yahe mini."

Ta ci gaba da tankaɗe na ɗan lokaci. "Ya wuce, Maigida. Yaya ka baro Kawu?"

Kashegari ya tafi fada da ƙyallensa a cikin leda. Ya zauna a inda ya saba, ya ajiye waya a gefe, ya sa tabarau. Mamane, abokinsa tun zamanin dako, mutumin Alela mai ƙaton ciki da baki kamar reza, shi ya fara.

"Jama'a ku zo ku gani! Chindo ya yi ritaya bai gaya muna ba. Saura carbi mai dubu da buzu."

Aka yi dariya. Chindo ma ya yi, ya ci gaba da ɗinki. In waya ta yi ƙara ya duba, in kiran gida ne ya amsa, in gurup ne ya mayar ya kife. Labarin iyaka dai ba ya wuce shi, tunda ga masu karanta masa goma a gefe. Sai dai yanzu labarin yakan same shi da allura a hannu, ya ji, ya ce Allah ya kyauta, ya ja zare.

Mamane ya yi kusan mako biyu yana tsiya. Amma Chindo ya lura kullum tabarmarsa na ƙara matsowa, yana leƙen yadda haƙoran tayar ke fitowa. Wata safiya sai ga shi da tsofaffin buhunan siminti uku a hammata. Ya zauna yana tsefe su zare-zare, fuska a murtuke.

"Kada wanda ya ce mini komi. Igiyar gugarmu ce ta tsinke."

Ya maƙale bakin zaren da babban yatsan ƙafa ya fara tufka, yana murzawa a cinya. Hannunsa ya tuna abin da shi ya manta. Igiyar guga ta ƙare cikin kwana uku, amma bai daina ba. Ya yi ta ɗaure akuya, ya yi ta shanya, ya yi wadda shi kansa bai san ta mece ce ba. Yana tufka yana ba da labarin mahaifinsa, wanda ya ce igiyarsa raƙumi ba ya tsinka ta.

Na ukunsu shi ya fi ba kowa mamaki. Wani jami'in duwan ne, Hamidou, Bazabarme daga wajen Gaya, wanda aka turo Ƙonni aiki shekara biyu da suka wuce. Da can direbobi ba sa sakewa da shi, shi ma haka. Yanzu da babu motar da zai duba, yakan biyo ta fadar in ya tashi daga buro, a ba shi shayi ya sha a tsaye. Ran nan ya daɗe yana kallon Mamane, sai ya ce da Hausarsa mai karkata, "Tsoho, ba ni zare kaɗan."

"Mi za ka yi da shi, Shef?"

Hamidou ya karɓi zaren. Ya sami sanda ya feƙe, ya ɗaura zaren a jikin dogon yaro, ya fara ƙulli. Kafin magariba ga raga ta fara bayyana, idanunta daidai wa daida. Ashe ɗan masunta ne, a bakin kogi ya tashi.

"Shef," in ji Mamane, "wane kihi za ka kama a Ƙonni?"

"Ba kihi. Hannuna ne ya yi marmari."

Daga ranar ya daina shan shayi a tsaye. Yakan cire hular aiki ya ɗora a gwiwa, ya yi ta ƙulli yana gaya musu yadda ake fita da kwalekwale da asuba, da sunayen kifaye da Zabarmanci, suna maimaitawa suna kwaɓawa yana dariya. Sauran direbobin ba su bar wayoyinsu ba, kuma ba wanda ya ce su bari. Amma sau da yawa sai ka ga mutum ya kife tasa a cinya yana sauraro.

Cikin azumi aka buɗe iyaka. Rana ɗaya fili ya cika da hayaƙi da ƙarar inji, aka kori awaki, kowa ya kama gabansa. Chindo ya roƙi mai mota ya ba shi mako guda. Hular saura kaɗan. Ya gama ta ana jibi salla, ya wanke, ya kifa a kan tukunya ta bushe, ya kama hanyar Tajaye.

Kawu Muttaƙa ya karɓa da hannu biyu. Bai sa a kai ba tukuna. Ya riƙa juya ta yana bin ɗinkin da yatsa tun daga inda aka fara.

"Nan ranka a ɓace yake," ya ce, yana taɓa gindin. "Dubi yadda ka shaƙe zare." Ya matsa gaba. "Nan ka fara hucewa. Nan kuma hira ta yi daɗi, ka tsallake ɗaya."

"In warware in gyara, Kawu?"

"Bar shi. Ni zan sa, ba kai ba."

Da ita ya je idi, Chindo na riƙe da hannunsa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Duba kaina da kyau, taya ce." Cikin daminar shekarar tsohon ya kwanta ciwon kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Chindo yana Agadas da lodi aka kira shi. Ya ajiye mota a gefen hanya, ya sauka ya zauna a kan dutse har rana ta karkata.

Shekara ɗaya ya ƙara yana tuƙi, sannan gwiwa da ido suka ce ya isa, ya miƙa makulli. Mamane yana kan hanya har yanzu, kuma ya koma wa wayarsa kamar da, sai dai an ce ba ya barin buhu ya wuce shi. An yi wa Hamidou canjin wurin aiki zuwa gabas. Ragarsa, wadda ta kai faɗin ɗaki, ya bar wa wata mai sayar da albasa tana rufe kayanta saboda awaki. Kafin ya tafi Chindo ya ba shi hula mai zanen igiyar ruwa, ko da yake Hamidou ya ce ruwan bai yi kama da na Gaya ba.

Yanzu Chindo a gida yake yini. Wayar tana nan, yana jin wa'azi da safe, yana kiran jikoki ran Juma'a. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da inda Ikilima ke aikinta. Surukansa biyu sun samu hula, limamin unguwa ya samu. Awon Wasila na ƙarshe ya nuna sha huɗu, ta ce a ci gaba da magani.

Wata la'asar yana auna sabon ƙyalle, Ikilima tana tsintar shinkafa, sai ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Wagga kuma ta wa?"

"Ban sani ba tukuna."

"Liman ya samu. Har duwan ya samu." Ta fitar da tsakuwa ta jefar. "Mu da ba mu sa hula sai kallo."

Chindo ya sauke tabarau ya dube ta. Gaskiya ce, kuma ko sau ɗaya abin bai taɓa zo masa a rai ba. Ya naɗe ƙyallen ya ajiye.

"Kawo farin mayahinki na zuwa suna."

"Ka ɓata mini shi?"

"In na ɓata in saya miki wani. Mi kike so a bakinai?"

Ta juya shinkafa a faifai. Can ta ce, a lambun mahaifinta a Badaguishiri, in albasa ta yi kai, takan fitar da wani farin fure mai kamar tukku, tun tana yarinya take son shi, kuma rabonta da gani tun da aka kawo ta Ƙonni.

Chindo ya ce shi albasa a buhu ya san ta, bai taɓa lura da furenta ba. Sai ta ture faifan gefe, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta fara zana masa.